Ruwa na tafe, yara sun haɗa kaya: mu fasa tafiyar ko mu kama hanya?

Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni da maigida mun daɗe muna tara kuɗi don mu kai yara hutu. Shekara 4 ke nan hutun aikinsa bai zo daidai da na makarantarsu ba sai bana. Mun kama masauki na kwana 5 a bakin wani kogi da ke gindin tsaunuka, tafiyar awa 7 a mota, kuma a hotunan da muka gani sai an haye wata 'yar gada kafin a isa. Yaranmu uku ne, mai shekara 11 da mai 7 da mai 3. Da mu akwai Hajiya, mahaifiyar maigida, tana da ciwon sukari, kullum sai ta yi allurar insulin. Ƙanwarsa da mijinta za su zo ta jirgi su same mu a can. Saura kwana 9. Yanzu wayata na nuna ruwa kowace rana, kashi 70 cikin 100, a labarai kuma an ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi a yankin. Mun biya rabin kuɗin masaukin. In mun fasa cikin kwana 4 masu zuwa za a mayar mana, in ya wuce haka sun tafi ke nan. Maigida ya ce tsoro ne kawai ke damuna, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Yara kullum ƙirga kwanaki suke yi. Ni ko barci ya gagare ni. Mu fasa ne ko mu je?

Uwar yara uku

Ƙanwata, Allah ya kwantar miki da hankali. Kada ki fasa yau, amma kada ki bari kwana huɗun nan su wuce kina zaune kina kallon waya. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne kogin, da tsaunukan da ke bayansa, da gadar nan guda ɗaya, da Hajiya mai allura, da autanki ɗan shekara 3. Da otal kuka kama a tsakiyar gari, a kan tudu, ga hanyoyin shiga da fita ta ko'ina, ga asibiti kusa, da amsata ba ta wuce layi biyu ba: ku sayi lema ku tafi, yara ba sa jin haushin ruwa kamar yadda manya ke tsammani. Naku wurin daban ne, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kashi 70 ɗin nan da ya hana ki barci, abin da yake faɗa kaɗan ne. Ma'anarsa ita ce in irin wannan yanayin ya maimaitu sau goma, sau bakwai za a samu ruwan da za a iya aunawa a wurin a wannan rana. Yayyafin minti ashirin ma ya cika wannan sharaɗi. Bai faɗi yawan ruwan ba, bai faɗi awa nawa zai yi yana zuba ba, bai kuma faɗi ko da rana ne ko da tsakar dare ba. Hoton girgije mai ɗigo da manhajar ke jera miki na kwana biyar iri ɗaya ne ko ruwan da zai kwantar da ƙura ne, ko wanda zai tafi da gada. Lambar da ya kamata ki nema ita ce ta milimita, yawancin manhajoji suna nuna ta in kin taɓa ranar. Milimita 1 na nufin lita 1 ta ruwa a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Milimita 5 a yini guda jiƙa ƙasa ne kawai. Milimita 60 ko 80 cikin 'yan awanni a kan tsaunuka kuwa ruwa ne da ƙasa ba za ta iya shanyewa ba, dole ya gangaro, kuma hanyar gangarowarsa ita ce kogin da kuka kama ɗaki a bakinsa.

Ga kuma maganar nisa. Hasashen kwana 9 hasashe ne mai rauni. Hukumar kula da yanayi da tekuna ta Amurka da kanta tana cewa hasashen kwana 5 yakan dace kusan sau 9 cikin 10, na kwana 7 kusan sau 8 cikin 10, amma na kwana 10 ko fiye rabi da rabi ne. Ba sakacin masu aikin ba ne. Tun 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon iskar yau yana ƙaruwa kowace rana har ya lalata lissafin gaba ɗaya, shi ya sa komai girman kwamfuta ba ta iya hango yanayin wata rana takamaimai da ta wuce kamar mako biyu. Saboda haka abin da kike gani yau zai iya matsawa gaba da kwana biyu, ko ya karkata wani yanki, ko ya ƙara ƙarfi.

Ranar da wa'adin mayar da kuɗin zai cika, saura kwana 5 ke nan a tashi, kuma a lokacin hasashen ranar tafiya ya zama abin dogaro. Wannan sa'a ce. Sai dai ki lura da wani abu da mutane da yawa ke mantawa: a wannan ranar, ranar dawowarku tana nesa da kwana 10. Za ki ga farkon hutun sarai, ƙarshensa kuwa yana cikin duhu. Za ku iya isa lafiya rana na haskawa, a kwana na huɗu kogin ya cika ya rufe gadar kuna ciki. Don haka hasashe shi kaɗai ba zai yanke miki hukuncin masaukin nan ba. Dole ki auna wurin da kansa, ki tambayi kanki: in abin ya ɓaci muna can, ta ina za mu fita, kuma cikin minti nawa?

Ina nanata wannan ne domin ambaliyar gindin tsauni ba ta jiran mutum ya ga ruwa a kansa. Ranar 29 ga Oktoban 2024 a yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya, garin Chiva da ke can sama ya samu kusan milimita 490 cikin awa 8, ruwan shekara guda ke nan. A Paiporta da ke ƙasa kusan ba a yi ruwa ba a ranar, mutane na harkokinsu, sai ga ruwan tudu ya biyo kwari ya shigo gari da yamma. Sama da mutum 220 suka rasu a yankin, da yawa a cikin motoci da wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, sun je ceton abin hawa. Ranar 4 ga Yulin 2025 a jihar Teksas ta Amurka, kogin Guadalupe ya tashi da kusan mita 8 cikin minti 45, kafin asuba, a ƙarshen makon hutu, bakin kogin cike da iyalai da yaran da suka je sansanin hutu. Sama da mutum 130 suka rasa rayukansu. Ba na kawo miki waɗannan don in ƙara miki firgici. Irinsu ba kullum suke faruwa ba, kuma dubban iyalai suna hutu a bakin koguna su dawo lafiya. Na kawo su ne don ki san abin da za ki duba. Ruwan da ke zuba a saman kogin, can kan tsaunuka, ya fi wanda ke zuba a kan rufin ɗakinku muhimmanci, kuma dare ya fi rana hatsari domin kowa na barci.

To yau ɗin nan, kafin magariba, ki kira masaukin, ko maigida ya kira kina kusa. Kada ki tambaye su ko lafiya lau ne a zo, domin wanda ke son ɗakinsa ya cika zai ce lafiya lau, kuma wataƙila har zuciyarsa haka yake gani. Ki yi tambayoyin da amsarsu ba ta karɓar kwaskwarima. Yaushe rabon da ruwa ya hau kan gadar, kuma kwana nawa ya yi kafin mota ta iya wucewa? Akwai wata hanyar fita da ba ta bi ta gadar ba? Ruwan kogin ya taɓa isowa ɗakunan? Ɗakunanku suna ƙasa ne ko a bene, kuma akwai wasu a kan tudu da za a iya sauya muku? In wuta ta ɗauke akwai janareta, kuma waya tana samun sabis a wurin? Asibiti mafi kusa yana wannan tsallaken ne ko wancan? Akwai mai gadi da ke farke da dare wanda zai tashe baƙi in kogin ya fara cika? Yadda suka amsa ma bayani ne. Wanda ya ce miki bara ruwa ya rufe gadar na kwana biyu amma akwai hanyar baya ta kan tudu, ya fi mini wanda ya yi dariya ya ce bai taɓa faruwa ba.

In amsar ita ce gadar ce kaɗai hanya, kuma ruwa yakan hau kanta, to ra'ayina a fili yake: ku sauya masaukin tun kuɗinku na hannunku, ko da hasashen ya yi sauƙi. Ku nemi wani a yankin, a kan tudu, kusa da babban titi, ku riƙa zuwa bakin kogin da rana in gari ya yi kyau. Hutun bai mutu ba, ɗakin kwana kawai aka matsar. Dalilina Hajiya ce. Ku masu ƙarfi in hanya ta rufe kwana biyu, abin da zai same ku gajiya ce da ɓacin rai. Ita kuwa insulin ɗin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, kuma zafi mai yawa yana rage masa ƙarfi ba tare da an gani da ido ba. In sukarinta ya faɗi ko ya hau da tsakar dare, asibiti na hayin kogi, babu kuɗin da aka biya da zai gyara wannan. Dattijuwa da ɗan shekara 3 kuma ba sa gudu, ba sa hawan gangare cikin duhu da santsi. Iyali irin naku ana auna musu hatsari ne da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinsu.

Daga yau kuma ki rage kallon manhajar waya, ki koma ga hukumar hasashen yanayi ta ƙasar da kuke, da hukumar da ke lura da koguna in akwai. Abin da manhaja ke nunawa yawanci lissafin kwamfuta ne kai tsaye, babu mutumin da ya duba. A hukuma akwai ma'aikatan da suka san yankin, kuma su ne ke da hurumin fitar da gargaɗi. Ƙasashe da yawa suna amfani da launi uku. Ruwan ɗorawa na nufin a sa ido, tafiya za ta iya jinkiri. Ruwan goro na nufin ana sa ran ɓarna, hanyoyi za su iya rufewa, a sake tunanin duk tafiyar da ba ta zama dole ba. Ja na nufin rayuka na cikin hatsari, a bi umarnin hukuma. Hutu tafiya ce da ba ta zama dole ba. A ganina ja ba ya buƙatar shawara, ruwan goro ma ga iyali mai tsohuwa da ƙaramin yaro ya isa dalilin ɗagewa. Kuma ki duba gargaɗin duk yankunan da hanyarku ta ratsa, kada ki tsaya ga inda za ku sauka, domin awa 7 a mota tana ratsa yanayi fiye da ɗaya.

Hanyar ma tana buƙatar magana, domin a nan ne ruwa ya fi cin mutane. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna fiye da rabin waɗanda ambaliya ke halakawa a can, mota suka shigar cikin ruwan. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 tana ɗaga yawancin ƙananan motoci, santimita 60 tana tafiya da manyan jif-jif. Mai tuƙi ba ya ganin zurfin, ba ya kuma ganin ko kwaltar da ya sani tana nan a ƙasa ko ruwa ya riga ya cinye ta. Ganin wata mota ta haye ba hujja ba ce, ruwan na ƙaruwa minti bayan minti. Ga abin da ya fi ba ni tsoro: mutumin da ya yi awa 6 da rabi yana tuƙi, yara sun gaji suna kuka, yana hango fitilun masauki a hayi, shi ne mutumin da ya fi kowa wahalar juyawa a duniya. Ba taurin kai ba ne, haka zuciyar ɗan Adam take in ta ga ƙarshen wahala a kusa. Shi ya sa wannan hukuncin ba a bakin gada ake yanke shi ba. A gida ake yanke shi, a zaune, tun kafin a ɗora kaya: in mun tarar da ruwa a kan hanya za mu juya, kuma duk babban da ke cikin motar in ya ce a juya, an juya, ba gardama. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Yanzu kuɗi. Kafin wa'adin ya cika kuɗin naku ne, kuna da iko a kansu, shi ya sa kwana huɗun nan suke da daraja. Ki karanta sharuɗɗan da kanki, ki san ko wa'adin yana ƙarewa da tsakar dare ne ko da rana, kuma ko ana fasawa ta waya ne ko sai a rubuce. Ki tambaye su tun yanzu ko za su yarda a ɗage ranar maimakon a fasa, ko su ƙara muku kwana biyu a kan wa'adin saboda hasashen. Masu masauki da yawa sun fi son ɗagewa a kan mayar da kuɗi, kuma sun fi sauƙin kai in an kira su da wuri, kafin kowa ya fara kira. Duk abin da suka amince da shi a turo miki a rubuce.

In kuma wa'adin ya wuce sannan gargaɗi ya fito, a nan ne za ki ji ana cewa ai mun riga mun biya. Ki riƙe wannan da kyau: rabin da aka biya ya tafi, ko kun je ko kun zauna. Zuwa ba zai dawo da shi ba. Abin da zuwa zai yi shi ne ya ƙara masa sauran rabin, da kuɗin mai, da na ci da sha, a kan hutun da za a yi shi a kulle cikin ɗaki cikin fargaba. Tambayar da ta rage a ranar ita ce: da kyauta aka ba mu wannan ɗakin a wannan makon, da wannan gargaɗin, za mu ɗauki Hajiya da yara mu tafi? In amsar a'a ce, kuɗin da aka biya ba su mayar da ita i ba. Asarar tana da zafi, musamman kuɗin da aka tara a hankali, kuma ba laifi ba ne a ji zafin. In kuna da inshorar tafiya ku duba takardar, amma kada ku ɗora rai a kai. Yawancinsu ba sa biyan wanda ya fasa don yana tsoron ruwa, sai in hanya ta rufe ko masaukin ya lalace ko hukuma ta hana zuwa, kuma wanda ya sayi inshora bayan an riga an sanar da guguwar, galibi ba a biyansa a kanta.

Ƙanwar maigida kuma ki kira ta yau, kada ta ji labari ana saura kwana ɗaya. Shawara ɗaya gare ta: kada ta yi gaggawar soke tikiti da kanta. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi, a wurare da dama doka ta tilasta masa ya mayar da kuɗin ko ya sauya wa fasinja jirgi. Haka dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanada, ko da yanayi ne sanadi, illa dai ba a biyan diyya ta ƙari in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin. Amurka ma ta ƙarfafa irin wannan doka a 2024. In fasinja ne ya fasa, sai abin da sharuɗɗan tikitinsa suka ce, kuma tikiti mai araha yawanci ba ya dawo da komai. Kamfanoni da yawa kuma, in an tabbatar guguwa na tafe, sukan buɗe damar sauya rana kyauta. Ta duba dokar ƙasarta da shafin kamfanin, ta jira.

Sai maigida, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Kada ki ɗauke shi a matsayin wanda bai damu da ranku ba. Mutum ne da ya yi shekara 4 yana jiran ya ga 'ya'yansa da mahaifiyarsa a wuri ɗaya suna murna, kuma duk lokacin da kika ce a fasa, abin da kunnensa ke ji shi ne wahalarsa ta tashi a banza. Yana da gaskiya a wani ɓangare ma: yawancin hutun da aka yi hasashen ruwa a cikinsa, ruwan ya kan zo ya wuce, a yi hutu a dawo. In kika tunkare shi da tsoro, zai amsa miki da jarumta, ku yi ta juyawa a wuri ɗaya har wa'adin ya wuce. Ki zo masa da takarda da biro bayan yara sun kwanta. Ki fara da cewa ke ma kina son tafiyar nan, domin gaskiya ne. Sannan ki ce: mu rubuta abin da in ya faru za mu ɗage, da abin da in ya faru za mu tafi, da ranar da za mu duba. In hukuma ba ta fitar da gargaɗi mai nauyi ba kuma masaukin yana da mafita, kin yarda za ki shiga mota ba tare da ƙorafi ba ko da ana ruwa. In ta fitar, ya yarda za a ɗage ba tare da ya ɗora miki laifi ba. Sharaɗin ya ɗaure ku duka biyu, shi ya sa zai iya karɓarsa. Ku duba sau biyu: ranar cikar wa'adi, da kuma ana jibi tafiya, lokacin da gargaɗi ya fi fitowa.

Maganarsa ta ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kai inda ya kai ta ba. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham da jama'a, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai rukuni-rukuni, sannan ya ce a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Tafiyar da ta fi hutu muhimmanci nesa ba kusa ba, an riga an yi nisa, kuma aka juya saboda labarin abin da ke gaba. Kada ki jefa masa wannan kamar mai kayar da shi a muhawara. Wataƙila ya fi ki saninsa. Ki ambata a hankali in maganar ta zo, ki bar shi ya juya ta a ransa. Hajiya kuma kada a sa ta a tsakiya. In aka tambaye ta za ta ce a tafi don kada a ce ita ta hana jikokinta, ko da ranta bai kwanta ba. Ɗanta ne ya kamata ya tambayi likitanta ko mai ba ta magani abin da za ta buƙata in tafiyar ta ƙaru da kwana biyu ko uku, kuma jin amsar daga bakin likita zai iya yi masa tasirin da maganarki ba ta yi ba.

In komai ya daidaita kuka tafi, ku fita da sassafe don ku isa da sauran rana, kada dare ya same ku a hanyar da ba ku sani ba. A duba tayoyi da birki da waifa da fitilu tun ana saura kwanaki. Tayar da zanenta ya shafe ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninka aƙalla sau biyu in titi ya jiƙe. Tanki a cike, wayoyi a cike, ruwan sha, tocila. Maganin Hajiya ninki biyu na abin da kwanakin ke buƙata, a jakar hannu, da abin auna sukari, da wani abu mai zaƙi a kusa da ita, domin wanda ya yi allura sannan cunkoso ya riƙe shi bai ci abinci ba sukarinsa na iya faɗuwa. A can kuma, an ji tsawa a fito da yara daga ruwa a shiga gini ko mota, kada a fake a gindin bishiya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Kada ɗaukewar ruwa ta ruɗe ku, kogi yakan ci gaba da cika awanni ko kwana bayan an ɗauke, gangaren da ya sha ruwa kuma yakan zaftare bayan rana ta fito. In ruwan kogin ya sauya launi ya yi ja, ko ya fara kawo itace da shara, ko ƙararsa ta ƙaru, a hau tudu nan take, a bar mota da kaya.

In kuwa ɗagewa ta kama, yaran za su yi kuka, ki bar su su yi. Ku gaya musu tare, ke da babansu, da baki ɗaya, kada ya zama Umma ce ta hana. Mai shekara 11 ki nuna masa taswirar da gargaɗin, ya ga kogin da gadar, zai fahimta fiye da yadda kike zato, kuma zai taimaka miki da ƙannensa. Mai 3 zai manta kafin la'asar in an ɗauke masa hankali. Mai 7 ne zai fi jin abin, domin shekarun da ake riƙe alƙawari ke nan, kuma abin da zai tambaya shi ne yaushe. Kada ki ce masa wata rana, kada kuma ki faɗi ranar da ba ki tabbatar ba. Maigida kada ya mayar da kwanakin hutunsa ya koma aiki saboda haushi, sai in wurin aikin sun yarda su ajiye masa su zuwa hutun makaranta na gaba. In ba su yarda ba, kwana biyar ɗin nan na yaran ne, a nemi wani wuri kusa da ruwan bai shafa ba ko da na kwana biyu ne, Hajiya na ciki, ƙanwarsa ma in tikitinta ya sauyu. Sabuwar ranar masaukin kuma ki jira sai ta iso wayarki a rubuce, sannan ki kira mai shekara 7 ki ba shi kalanda ya zagaye ta da hannunsa.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya.